Vom, Garin Da Ake Farautar Abin Da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya bar Jos ya nufi kudu, da ya wuce Bukuru ya saki babbar hanya ya karkata dama, zai ji iska ta sake. Sanyin da ke shigowa ta tagar mota ya fi na cikin gari kaifi, ga duwatsu an ɗora wani kan wani sai ka ce da hannu aka jera su, ga kududdufan da masu haƙar kuza suka bari cike da ruwa kore shar, ga kuma gonakin acca da na dankalin Turawa an kewaye su da shingen ƙyarana. Mutum zai wuce Kuru, inda aka kafa makarantar nan ta horar da manyan ma'aikata a 1979, sa'an nan ba da jimawa ba ya iso Vom. Tafiyar duka ba ta kai mil 20 ba. 'Yan ƙasa, watau Birom, Vwang suke kiran wurin.

Garin ba shi da wani girma, ba shi da kasuwar da za a yi labari, amma da wuya a sami makiyayi a ƙasar nan wanda bai taɓa cin moriyarsa ba, ko ya sani ko bai sani ba. Allurar da ma'aikatan dabbobi ke bi ruga-ruga suna yi wa shanu, ta ciwon huhu da ta harbin daji, da wadda ake ɗiga wa kaji, galibinsu daga nan suke fitowa, daga Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa. A Zariya aka fara kafa ma'aikatar dabbobi a 1913, amma a 1924 aka ɗauko ɗakin bincike aka kawo shi nan, saboda tudu ne mai tsawon fiye da ƙafa 4,000, ga sanyi, ga ciyawa, kuma ƙudan tsando bai dame shi ba. Abin da ya tilasta kafa shi kuwa shi ne ciwon bushiya, annobar da ta sha share garkunan Fulani har mai shanu ɗari ya wayi gari da sanda kaɗai. An yi ta fama da ita, ta lafa, ta sake tasowa da ƙarfinta a 1983, sai a 2011 aka yi shelar cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Cibiyar ta cika shekara 100 a 2024.

To, amma ba shanu suka kai ni Vom ba. Alade ne ya kai ni. Na san akwai masu karatu da yawa da za su yamutsa fuska da jin sunan, domin Musulmi ba ya ci, ba ya kiwo, wani ma ko ambato ba ya so. Sai dai a yi haƙuri a saurara. Hausa ba ta Kano da Sakkwato kaɗai ba ce. Da ita ake ciniki a Kafanchan da Zonkwa da Pankshin da Numan, kuma a waɗannan wurare akwai gidaje bila adadin waɗanda alade shi ne asusunsu. Mace ta ɗaure 'ya'ya biyu a bayan ɗaki tana ba su dusa da ragowar tuwo, in watan biyan kuɗin makaranta ya kama ta sayar da ɗaya. Abin da akuya take ga matar Bakatsine, shi alade yake ga waccan. In ya mutu, yaro ne ya zauna gida.

Abin da ke kashe shi kuwa, babu kamar cutar da ake kira zazzaɓin aladu na Afirka. Wani likitan dabbobi Bature mai suna Montgomery ne ya fara bayyana ta a rubuce a 1921, a ƙasar Kenya, bayan ya lura aladun da Turawa suka kai can suna mutuwa in sun kusanci na daji. Gadu, wanda wasu ke kira mugun dawa, yana ɗauke da ƙwayar a jikinsa ba ta yi masa kome, wata irin kaska mai laushi da ke zama cikin raminsa ita ke yawo da ita. Amma in ta shiga aladen gida, cikin kwana 4 zuwa 19 sai zazzaɓi ya rufe shi, ya ƙi abinci, kunnuwa da ciki su yi ja su koma shuɗi-shuɗi, ya kwanta, galibi bai cika kwana goma ba. Mai tsananin cikinta takan kashe kusan duk abin da ke cikin garke. Ba ta kama mutum. Ba ta kuma da magani. Allurar rigakafi ma sai a 2023 ƙasar Biyetnam ta amince da iri biyu don amfanin cikin gidanta, kuma masana ba su gama yarda da su ba. Cutar ta ɓulla a Kwaddibuwa a 1996, ta bayyana a Binin da Togo, ta tsallako mana ta Ogun da Ikko a 1997, kafin shekara ta kewayo ta hau Arewa, kuma tun daga sa'an nan ba ta fita ba.

Cutar da ba ta da magani, abin da ya rage wa mutum a kanta shi ne ya san da zuwanta da wuri, ya rufe ƙofa. Wannan sanin shi ne aikin Vom. Ido kaɗai ba ya bayar da shi, gama akwai cututtuka uku ko huɗu da ke sa alade ya yi zazzaɓi fatarsa ta yi ja, wasunsu allurar fenisilin kan warkar da su, wata kuwa, wadda ake kira kwalarar aladu, ta yi kama da wannan ƙwarai har ƙwararren likita ba ya iya raba su ko ya feɗe gawar. Dole sai an kai ɗakin bincike.

Baƙo ba ya shiga can ciki inda ake taɓa ƙwayar cuta mai rai, kuma daidai ne a hana shi. Abin da zai fara gani shi ne wurin karɓar kaya, kuma a ganina nan ne rabin labarin yake. Ba a kawo alade sukutum. Likitan da ke can karkara shi ke feɗe wanda ya mutu, ya yanko ɗan saifa kamar girman goro, da ƙoda, da ƙullutun nan na wuya da na hanji da ke kumbura in jiki ya kamu, ya sa kowanne cikin kwalbarsa. Saifar mai wannan cuta takan kumbura ta yi baƙi ƙirin, tana marmashewa a hannu. Daga mai sauran rai kuma a ɗebi jini kwalba biyu, ɗaya mai maganin hana daskarewa, ɗaya a bar shi ya daskare don a sami ruwan da ke tasowa samansa. Sa'an nan a jera su cikin akwatin sanyi da ƙanƙara, a haɗa da takardar da ta faɗi ƙauyen, da ranar, da nawa suka kamu, nawa suka mutu. In ƙanƙarar ta narke a tasha ana jiran mota ta cika, naman ya ruɓe, to, na'urar miliyoyin Naira da ke jiransa ba abin da za ta iya faɗa wanda za a dogara da shi. Abin mamaki, akwatin roba da ake sayarwa a kowace kasuwa shi ne farkon kayan aikin wannan babban ilmi.

Da kaya sun shiga, sai a buɗe su cikin wani akwati mai fuskar gilashi wanda ke zuƙe iska ciki yana tace ta, yadda abin da ke cikin kwalba ba zai fito ga ma'aikaci ba, numfashin ma'aikaci kuma ba zai faɗa cikin kwalba ba. A niƙa naman da turmi da taɓarya 'yan ƙanana, na tangaran, a dama da ruwan gishiri, a zuba maganin da ke kashe sauran ƙwayoyin cuta na ruɓa. Daga nan a sa shi cikin na'urar wulwulawa, wadda ke juya kwalabe sau dubbai cikin minti guda, tsaki ya kwanta ƙasa, ruwa ya taso. Mace mai kaɗa nono ta san wannan hikima, bambancin dai ita mai take nema, su kuwa ruwan.

Cikin ruwan nan abin da ake farauta yake, in yana nan. Ƙwayar irin wadda likitoci ke kira bairos ce. Ta zazzaɓin aladu ana lissafa ta cikin manya, duk da haka sai an jera guda 5,000 kafin su cika milimita ɗaya, watau madubin likita na yau da kullum ba ya ganinta. Bugu da ƙari ba ta tsiro a kan romo ko wani abinci kamar sauran ƙwayoyi, sai cikin tsoka mai rai. Saboda haka wanda ke son ya kama ta da rai, dole ya yi mata kiwon abin da za ta ci. Akan ɗebi jinin lafiyayyen alade, ko ɓargon ƙashinsa, a ware fararen ƙwayoyin jini, a shimfiɗa su cikin kwalabe da ruwan abinci mai launin ja-ja, a ajiye cikin akwatin ɗumi a digiri 37, kusan zafin jiki. In sun kama, sai a ɗiga musu ruwan da ake tuhuma, a koma jira.

A nan ne ake ganin abin da ya fi kome ƙayatarwa cikin wannan sana'a. Kowace safiya ma'aikaci zai ɗora kwalbar a madubi ya duba. In ƙwayar ta shiga cikin farar ƙwayar jini, sai jajayen da ke kusa su taru su manne mata ta ko'ina, kamar yara sun yanyame mai alewa. Wasu masana biyu, Malmquist da Hay, su suka gano wannan alama a 1960, kuma cikin cututtukan alade babu wadda ke yin haka sai ita. Kwalarar aladu ba ta yi. Amma gwajin yana cin kwanaki, wani lokaci mako guda ko fiye kafin a ce babu, kuma akwai wasu jinsunan ƙwayar marasa wannan hali, waɗanda kan wuce ba a gan su ba. Ga shi kuma kullum sai an nemi lafiyayyen alade da za a ɗebi jininsa, wanda a ƙasar da cutar ta zama 'yar gida ba ƙaramin aiki ba ne. Sauran cututtukan alade sun fi sauƙin kai ta wannan fuska, da yawansu kan yarda su tsiro a kan ƙwayoyin ƙodar alade waɗanda aka daɗe ana renonsu cikin kwalba, ɗakin bincike na ba ɗakin bincike iri, kamar yadda maƙwabta ke ba juna irin nono.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauri. A shafa ɗan saifa a kan gilashi, a ɗiga masa wani ruwa mai ɗauke da sinadarin da ba ya kama kome sai wannan ƙwaya, an kuma rina shi da rini mai ƙyalli. A wanke, a shiga ɗaki mai duhu a duba ƙarƙashin madubi mai fitila ta musamman. In cutar na nan, sai a ga ɗigo-ɗigo kore suna haske. Cikin sa'o'i kaɗan an gama.

Shi kuwa ruwan jinin da aka bari ya taso, aikinsa dabam. Da shi ake gwajin da ake kira Elaiza, wanda aka ƙago a 1971. Faranti ne na roba wanda bai fi tafin hannu ba, mai 'yan ramuka 96 kamar gidan dara, kowane rami na alade guda. Abin da yake nema shi ne makaman da jiki ya ƙera don yaƙar ƙwayar, watau sawun ɓarawo yake bi bayan ɓarawon ya wuce. In suna nan ruwan ramin ya sake launi, wata na'ura ta auna ta rubuta. Amfaninsa shi ne a san ko cutar ta taɓa ratsa wani gari, a kuma gane waɗanda suka tashi daga ciwon. Ga garken da ake mutuwa yau kuwa ba shi da wani tasiri, domin jiki na bukatar mako guda zuwa kwana goma kafin ya ƙera makaman, alhali mai tsananin ciwo ya riga ya mutu.

Sarkin kayan aikin a yau shi ne Fi-si-ar, sunan da kowa ya ji a zamanin korona. Wani Ba'amurke, Kary Mullis, shi ya ƙago dabarar a 1983, aka ba shi lambar Nobel a 1993. Kowace ƙwaya tana da zaren gado wanda ke ɗauke da rubutun halittarta. Sai a fasa ta a zare zaren, a zuba cikin kwalba 'yar mitsitsiya tare da sinadaran da suka san layi guda na rubutun, a sa cikin na'ura mai kama da ƙaramin akwatin rediyo. Aikin na'urar kawai ta yi zafi ta huce, ta yi zafi ta huce. Kowane zagaye layin ya ninka kansa, ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu, kafin zagaye 30 ya haura miliyan dubu, har ya isa a gani. Kayan da suka iso da safe ana iya ba da amsarsu kafin la'asar, kuma ko ƙwayar ta mutu a hanya zaren yakan saura, in dai ruɓar ba ta yi yawa ba. Sai dai tsananin jinsa shi ne kuma haɗarinsa. Ƙurar gwajin jiya in ta faɗa cikin na yau, sai a ɗora wa lafiyayyen garke laifi. Shi ya sa ake raba ɗakuna, inda ake haɗa sinadari dabam, inda ake zare zare dabam, kuma ba a ɗaukar ko alƙalami daga wannan a kai wancan.

Sauran kayan ba masu ɗaukar ido ba ne. Firji mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, inda ake ajiye ƙwayoyin da aka kama shekara da shekaru. Tulun ƙarfe mai ruwan iskar naitirojin, wanda sanyinsa ya kai 196. Tukunyar turara mai zafin digiri 121, wadda duk abin da zai fita daga ɗakin sai ya bi ta cikinta. Dukansu bayin wutar lantarki ne, ko na abin da sai an yi oda daga ƙetare da kuɗin waje, kuma wanda ya san ƙasar nan ya san abin da wannan ke nufi. Firjin da ya kwana biyu ba wuta, aikin shekara ashirin ne ya narke.

Mai karatun da har yanzu ke ganin abin bai shafe shi ba, ga labari biyu daga nesa. A ƙasar Maleshiya, a 1998, masu kiwon aladu suka fara mutuwa da ciwon ƙwaƙwalwa. Hukuma ta ɗauka wata sananniyar cuta ce da sauro ke yaɗawa, aka yi ta feshi wata da watanni, mutane na ta mutuwa. Sai a watan Maris na 1999 wani likita a Jami'ar Malaya, Chua Kaw Bing, ya shuka ruwan jikin majiyyata a kan ƙwayoyi cikin kwalba ya kama wata sabuwar ƙwaya, wadda aka sa wa suna Nipah. Daga jemage ta faɗa alade, daga alade ta faɗa mutum. Mutum fiye da 100 suka rasu, aka hallaka aladu fiye da miliyan guda, sa'an nan annobar ta tsaya. A Masar kuwa, a 2009, da aka ji sunan murar aladu, sai gwamnati ta sa aka yanka aladun ƙasar, wajen 300,000, ba tare da gwaji ya nuna suna ɗauke da ita ba. Murar ta shigo abinta ta jikin matafiya, shara kuma ta taru a titunan Alƙahira, gama aladun ne ke cinye ruɓaɓɓen abincin da masu kwasar shara ke tarawa. A nan gida ma, hannuwan da ke gwada saifar alade da irin na'urorinsu su suka tari murar tsuntsaye da ta ɓulla a wata gona a Jaji a 2006, kuma a 2020 Vom na cikin wuraren da aka riƙa gwada majinar mutane saboda korona.

Hanyar da ta kawo mutum Vom ba a nan ta tsaya ba. In ya bi ta yamma zai gangara daga kan tudu ya sauka Manchok, ya wuce Kagoro ƙarƙashin dutsenta, ya shiga Kafanchan. A gefen garin akwai Katsit, inda kasuwar aladu ke ci kowace Alhamis, wadda ake cewa babu kamarta a ƙasar nan. Tun da asuba ake shigowa da su, a bayan babur, cikin akori-kura, an ɗaure ƙafafu, kuka kamar zai tsaga kunne, fatake daga Kudu na zagayawa suna taya. A nan ne lissafin ɗakin bincike ke karo da lissafin talaka. Wanda ya ga biyu sun mutu cikin garkensa na goma, ya san in ya kai rahoto za a ce ya kashe sauran ya binne, kuma bai saba jin an biya wani diyya ba. Saboda haka sai ya yi sammako ya kai takwas ɗin kasuwa ya karɓi abin da ya samu. Ba mugunta ba ce, amma da haka cutar ke samun mota. Ƙwayar tana da taurin rai, takan yi watanni cikin nama mai gishiri ko busasshe, ta manne a takalmi da tayar mota da wuƙar mahauci. Ragowar abincin jirgin sama ne ya kai ta Fotugal a 1957, na jirgin ruwa ya kai ta ƙasar Jojiya a 2007, daga can ta bi ta Rasha har ta isa Sin a 2018, ƙasar da ke da kusan rabin aladun duniya a lokacin. Da murar tsuntsaye ta zo a 2006 gwamnati ta fara biyan Naira 250 kan kowace kazar da aka kashe, kuma ko da masu kaji sun raina kuɗin, an sami masu fitowa su faɗa. Ni dai ban ga dalilin da zai hana a yi wa mai alade irin wannan ba.

A 2020 cutar ta faɗa wa Oke-Aro, babbar unguwar masu kiwon aladu da ke kan iyakar Ikko da Ogun, ta kashe dubban ɗaruruwa. Da aka karanta zaren gadon ƙwayar da aka samo can, sai aka tarar ba irin wadda aka saba da ita ba ce. Masana sun kasa wannan ƙwaya gida 24. Tun 1997 'yar gida na ɗaya ce ta riƙa yawo a ƙasar nan, amma ta Oke-Aro 'yar gida na biyu ce, dangin wadda ta yi ɓarna a Jojiya da Sin. Ba a iya gane haka ba sai don akwai tsofaffin da aka adana ana kwatantawa da su. Motocin da suka yi lodi a Katsit da yammacin Alhamis kan kwana suna tafiya Kudu, su sauke, su juyo Arewa da taɓon can a tayoyinsu, kafin wata Alhamis ɗin.